Turaren wutar Maman Amira a dutsen ƙanƙara

Muna buɗe ƙofar masaukin, warin fumfuna ya yi mana maraba. Ni na yi booking ɗin ɗakin, hoto kawai na gani a waya na ce wa yara bana sai wasan ski, wato zamiya kan ƙanƙara, a Faransa. Ni da ƙanƙarar unguwarmu Peckham a London ma kayar da ni take!

Zanin gado duk datti, katakon baranda yana rawa, hitar ɗumama ɗaki tana tari.

Uwargida Maman Amira ta zaro kasko da turaren wuta, ta turnuƙe ɗakin da hayaƙi. Can ta tsaya tana kallon silin.

"Baban Amira, ka ji wani abu?"

"Ƙamshi nake ji, Hajiya."

"A flat ɗinmu da tuni ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Wannan shiru ta yi."

Na hau kujera na buɗe ƙararrawar. Babu batir! A nan na so kwantar da 'ya'yana, gefen hitar nan.

"Ɗauki jakunkuna mu bar nan, Alhajin booking," in ji Hajiya.

Mun dawo London lafiya. Ikon Allah, mace da hankali. Ku fa, wane haɗari uwargida ta taɓa hango muku?