Amintaccen Gwamnati a Ƙofar Gayan

Ɗan kawuna ya dawo daga Amurka neman aure yana da shekara arba'in da ɗoriya, furfura har ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hula. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka tun muna yawo ba wando a Ƙofar Jatau yake kirana bawansa, ni kuwa Allah ya hore mini bakin ramuwa. Wasan taubasai ba ya tsufa. Ranar da ya sauka, kafin in yi masa ban gajiya sai da na ce, "Maraba da tuzurun Turai."

Bai kula ni ba, domin ya zo da labarin da ya fi zolayata daɗi a bakinsa. Aikinsa a can gyaran injinan asibiti ne, yau yana wannan gari gobe yana wancan, kusan kowane mako sai ya hau jirgi. A cewarsa babu abin da ke ci masa rai kamar layin bincike a filin jirgi. A sa ka cire takalmi, ka kwance bel, ka zazzage jaka, ka tsaya riƙe da wando kamar wanda aka kama a gonar rake. Sai ya gano gwamnatin can tana da wani tsari. Ka biya kuɗin rajista, su duba tarihinka, su kira ka su yi maka tambayoyi, su ɗauki hoton yatsunka. In sun gamsu sai su sa ka cikin waɗanda aka amince da su, ka riƙa bin wani gajeren layi da takalminka a ƙafa.

A zauren gidansu ya ba mu wannan labari da hantsi. Mahaifinsa, kawuna, yana bakin ƙofa inda haske yake, yana cika aikin wata babbar riga, sana'ar da ya tsufa a cikinta. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wato toshiyan baki ne, amma da rasit."

"A'a Baba, kuɗin hukuma ne, a fili ake biya."

"In suka duba suka ce ba su yarda da kai ba fa?"

"Kuɗin sun tafi ke nan."

"In sun yarda kuma, har abada?"

"Bayan 'yan shekaru sai ka sabunta, ka sake biya."

Kawu ya ciji zare ya ce, "Ashe a can mutunci ma lalacewa yake yi, kaman maganin tari."

Daga ranar na raɗa masa suna Amintacce, kuma sunan ya bi shi. Ƙannensa mata suka ɗauka, mai shayin bakin layi ya ɗauka. In muka zo shiga masallaci sai in tare shi in ce, "Amintacce, nan fa ba a biya, kowa cirewa yake yi." Yana dariya, amma na lura in an kira shi da sunan kafaɗarsa takan ɗan ɗaga.

Matar da ya zo nema malamar makaranta ce a Ƙofar Gayan, bazawara, mai hankali da kamun kai. Ƙanwarsa ce ta haɗa su, sun daɗe suna magana ta waya, kuma kowa ya san sun daidaita. Abin da ya rage shi ne baffanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Malam muke ce masa. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jira, har jira ya zame masa jiki. Shi ya ba da ita a aurenta na fari ga wani da ya zo da mota da kyakkyawan lafazi, ba a tsananta bincike ba, ta dawo gida a rame ba ta son a ɗaga murya kusa da ita. Malam bai yafe wa kansa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ita kuma ta faɗa wa ɗan kawuna ƙarara cewa in Malam bai ce to ba, babu maganar.

Manya suka je suka gabatar da buƙata, Malam ya ce a ba shi lokaci ya bincika. Ya tura mutane unguwarmu, suka tambayi liman, suka tambayi maƙwabta, suka tambayi waɗanda suka yi makaranta da shi. Asali dai babu abin cewa, gidan kawu sananne ne. Shi kansa mutumin ne aka rasa mai shaidarsa. Kowa sai ya ce yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ba ya faɗa, sai dai satar mangwaro. Malam ya aiko da amsa cewa ya ji labarin yaron da ya tafi, saura labarin mutumin da ya dawo. Ya ce a turo masa shi su gaisa.

Ni aka haɗa shi da ni rakiya. Muka riƙa zuwa bayan la'asar, mu tuɓe takalma tun daga waje, mu durƙusa, mu zauna a tabarma. Malam ya yi mana hirar damina. Wani zuwan ya yi mana hirar yadda ake lodin gyaɗa a tasha a zamaninsu. Wani zuwan kuma kakanmu ya ɗauko, wanda ya ce ya taɓa ɗinka masa riga. In an kusa magariba sai ya ce, "To madalla, ku gai da gida." Ko sunan aure ba ya ambata.

Hutun ɗan kawuna kuwa yana ta zaizayewa. Mutumin da ya biya kuɗi don kada ya yi jiran minti kaɗan, ga shi yana naɗe ƙafa a tabarma yana sauraron farashin gyaɗar da aka cinye tun ba a haife shi ba. Ni kam abin nema ya samu. A hanyar komawa nakan ce, "Amintacce, ka tambayi Malam mana ko yana da gajeren layi, mu biya." Wata rana bai yi dariya ba. Ya tsaya a gindin ganuwa ya ce, "Gwamnatin da ta fi kowace iya bincike ta duba ni ciki da bai, ba ta sami komai ba. Me tsohon nan yake nema? Gobe zan nuna masa."

Na ce kada ya yi. Amma gaskiya da rabin baki na faɗa, ɗaya rabin yana son ganin yadda za ta kaya.

Washegari, Malam na shirin komawa kan gyaɗa, sai ɗan kawuna ya gyara zama ya zaro katin amincewar da gwamnatin can ta ba shi daga aljihu, ya miƙa da hannu biyu. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da hoton yatsu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na ga ana neman wanda zai shaide ni a can. To hukuman ƙasan da kanta ta shaide ni."

Malam ya sa tabarau, ya duba gaba, ya juya baya, ya daɗe yana kallon hoton. Ni ina ta cizon leɓe.

"Madalla. Da suka kira ka, me suka tambaye ka?"

"Inda nake zaune, da inda nake aiki, da ƙasashen da na je. Da ko an taɓa kama ni da laifi."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Malam."

Malam ya miƙa masa katinsa ya ce, "Sun kyauta. Sun tabbatar ba za ka yi musu ɓarna a jirgi ba. Ni ma ban zarge ka da wannan ba. Sai dai ni ba jirgi zan ba ka ba."

Dariyar da nake dannewa ta kuɓuce ta hanci, na mai da ita tari. Malam bai dube ni ba. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce tunda su sun yi tasu tambayar, bari shi ma ya yi tasa.

"Da wa kake cin abinci?"

Ɗan kawuna ya ce yawanci a hanya yake ci, ko a masauki.

"Wane masallaci aka san ka?"

Ya ce duk garin da Juma'a ta riske shi nan yake yi.

"Maƙwabcinka fa, ya sunansa?"

Ya ce suna ɗaga wa juna hannu in sun haɗu a matakala.

Har nan ina jin daɗina, ina tara abin da zan jefe shi da shi a hanya. Sai Malam ya ce, "To ran da ba ka da lafiya, wa ke zuwa duba ka?"

Na zaci zai ce ai shi lafiyarsa ƙalau, ko ya lissafo abokan aiki. Ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda ya zo da ita daga Amurka ba ce. Ya ce bara ciwon ciki ya kayar da shi a wani gari da ya je aiki, aka yi masa tiyata cikin gaggawa. Da za a sallame shi, ma'aikatan asibitin suka ce ya kira wanda zai zo ya tafi da shi. Ya ɗauki waya ya bi sunaye daga sama har ƙasa, bai ga wanda zai iya ɗora wa wannan nauyi ba. Ƙarshe motar haya ya kira, direban ne ya riƙe masa jaka har ƙofar ɗaki. Ya yi jinyarsa shi kaɗai, yana bin bango zuwa banɗaki.

"Mutanen gida sun sani?"

"Ban faɗa wa kowa ba, Malam. Na ga tayar musu da hankali kawai zan yi."

A daidai lokacin da yake faɗa, na tuna mun yi waya, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, na ce masa ko sanyin Turai ne ya kama tuzuru. Ya yi dariya ya ce mura ce. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa. Muna nan gida cike da mutane, ko akuya ce ta yi ɗingishi sai an taru a kanta.

Na kuma tabbata auren ya rushe. Wa zai ɗauki 'yarsa, wadda ta riga ta sha wuya, ya kai ta inda maƙwabci ba shi da suna?

Malam ya yi tambayar kuwa. Ya ce, "In na ba ka ita, ka hau jirginka, wa ka bar mata?"

Ɗan kawuna ya ce sun yi maganar da ita. Akwai aikin zama wuri ɗaya a wani asibiti, albashin bai kai na yanzu ba, a garin da ke da 'yan Arewa da masallaci. Ya daɗe yana jan ƙafa a kai, don bai ga dalilin zama a gidan da ba kowa ba. Ya ce, "Na gaji da saurin nan, Malam. Ina ta sauri, ba mai jirana a ko'ina."

Muka ji ana jan ruwan alwala a rijiyar cikin gida. Sannan Malam ya ce, "Da ka ce mini kana da jama'a, da sai na nemi mai tabbatar mini, kuma ba ni da shi. Wannan kuwa ba wanda zai ƙaga wa kansa. Ku ce wa manyanku su dawo ran Juma'a." Ɗan kawuna ya sunkuya zai yi godiya, Malam ya ɗaga hannu. "Da sauran magana. Daga nan ka wuce wurin mahaifiyanka ka faɗa mata zancen asibitin nan. Ba na ba da 'ya ga mai ɓoye ciwo. Wanda ya ɓoye nasa, nata ma ba zai gani ba."

A hanya ya roƙe ni in raka shi ciki, wai shi kaɗai ba zai iya ba. Muka tarar da mahaifiyar tasa a tsakar gida tana tankaɗe. Shi ne ɗanta na fari, kuma irin matan da ne masu alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana sai ta bayan wani, ko dawowar nan tasa da kai kawai ta amsa gaisuwarsa. Ya durƙusa nesa kaɗan ya faɗa mata, yana rage wa labarin kaifi, yana cewa ai ƙaramin aiki ne, ya wuce.

Ta ajiye rariya. Ta kakkaɓe hannu a zani, ta taso ta zo har inda yake, abin da ban taɓa gani ba tun da nake shiga gidan. Ta ce ya miƙe. Ta kama gefen rigarsa ta ɗaga, a gabana, a gaban ƙannensa da suka fito daga ɗaki. Tabon yana nan a gefen cikinsa. Ta ɗora tafin hannunta a kai, da sauran gari a yatsunta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Sannan ta dube shi a ido ta ce, "Wa ya dama maka kunu?"