Ɗorawar Bibiana a Kan Iyakar 'Yan'uwa

Duk wanda ya sayi daddawa a kasuwar Sabon Gari a shekarun nan ya san Bibiana, doguwar mace mai kaifin baki. Ka shinshina daddawarta ka ajiye, sai ta raka ka da magana har bakin titi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, da daddawar nan ta rufa wa kanta asiri. Jarinta kuwa ɗorawa ce guda, tsohuwa mai yawan 'ya'ya, wadda uwarta ta bar mata a gonarsu ta hanyar Shika.

To, ga inda gizo ke saƙar. Itacen nata ne, amma ƙasar ta yayyenta maza biyu ce, kuma daidai kan iyakarsu ɗorawar ta tsaya. Shekari manomi ne, Dominic malamin sakandare a Samaru. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba sa ga maciji da juna. Shekari kan cinna wa gonarsa wuta kowace shekara, ya ce toka ce abincin ƙasa. Dominic kuwa tun shekarar 2003 ya rantse ko tsinke ba za a ƙara ƙonewa ko yankewa a ɓangarensa ba. Ciyawa ta yi ta hawa kan ciyawa har ta fi tsayin mutum, ta kewaye rabin gindin ɗorawar.

Bibiana ba ta yi boko mai nisa ba, amma tana da idanu. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta ja su biyun zuwa gona.

"Yaya Dominic, ka bar ni in share gindin itacena kawai," in ji ta. "Ranar da wuta ta shiga nan, na shiga uku."

Ai kamar ta taɓo rediyo. Dominic ya gyara tsayuwa ya fara darasi. Wai tsirrai ne ke fitar da oksijin, iskar da muke shaƙa, kuma abin da ya nutse cikin ƙasa bai ƙone ba shi ke barin iskar ta taru. Wai miliyoyin shekaru haka duniya ke tafiya: in iskar ta yi yawa, wuta ta yi ƙarfi har ɗanyen daji ta ci, itatuwa su ragu, iskar ta sauko; wato wuta ce ke daidaita lamarin.

Shekari ya ƙyalƙyale da dariyar mugunta. "Ashe da bakinka ka ce wuta ce alƙali! To, me nake yi in ba aikin alƙali ba?"

"Kai jahili ne, ba alƙali ba," in ji Dominic.

"Ni ban zo jin labarin miliyoyin shekaru ba," Bibiana ta katse su. "Itacena nake magana!"

Wa ya ji ta? Dominic ya ce in ya bari aka share taku ɗaya, Shekari zai ce ya ci nasara. Shekari ya ce shi ba zai fasa ƙuna don ciyawar wani ba. Ta kai ƙara wurin dattawan coci, suka ce a yi haƙuri, 'yan'uwa ne. Haƙurin me? Ta koma gida ranta a ɓace, tana jin haushinsu har cikin ƙashinta.

A watan Maris na 2006, ɗorawar na ɗauke da jajayen furanninta, Shekari ya kunna wutarsa da rana tsaka. Ya san komai ya bushe ƙayau, ya kuma san inda iska ta nufa. Wutar ta tsallaka iyaka, ta sami tarin ciyawar shekaru, ta miƙe sama tana ruri har ta kama rassa. Bibiana na kasuwa aka kai mata labari. Kafin ta sauka daga mota, itacen ya zama baƙin kututture mai hayaƙi.

Ta jira damina ko zai toho. Bai toho ba.

Bayan girbi sai ga su biyun a rumfarta, kafaɗa da kafaɗa, abin da ba ta taɓa gani ba tun rasuwar uwarsu. Ta ɗauka haƙuri suka zo bayarwa, har zuciyarta ta fara sanyi.

Shekari ya yi gyaran murya. "Mun zauna da Malam, mun daidaita. Masu gawayi na son kututturen. Tunda ya mutu, ai ya zama na masu ƙasa."

Dominic ya gyaɗa kai.

Bibiana ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ashe kun iya shiri," in ji ta. "Sai da kuka kashe ni tukuna. Ku tashi mini daga gaban rumfa, kuna tare mini masu saye."