Wadarin Malam Maiwada

Malam Maiwada shi ne masaƙi na ƙarshe a unguwarmu a Funtuwa. Da na taso, ƙofar gidansa fili ne fetal har gonakin auduga. Nan yake kafa turaku ya yi wadari, yana kai da kawo da zare a tsakaninsu, taku arba'in zuwa, arba'in dawowa. Ko awakin unguwa sun san ba a ratsa wurin.

Sai magadan mai filin suka fara yanka shi. Wannan ya gina shaguna, wancan ya turo katangarsa cikin hanya, wai ai kowa ma haka ya yi. Ni ma ba zan wanke kaina ba, ɗakin da na gina wa ƙanena a kan wurin turakun Malam yake. Fili ya koma lungun da babur biyu ba sa wuce juna. Rannan wani ɗan acaɓa ya kwashe zaren da taya, ya kuma tsaya yana masifa. Malam ya naɗe abinsa ya shige gida. Shekara shida bai sake saƙa ba.

Bara bayan kaka ciwon ƙirji ya matsa masa. Ya ce wa matarsa Lauratu so yake ya saƙa likkafaninsa da hannunsa, yadda mahaifinsa ya yi.

"Malam, ga alawayyo cike da kasuwa," in ji ta.

"Shekara hamsin ina tufatar da mutane, Lauratu. Ba zan tafi da yadin kanti ba."

Ni na ɗaukar masa zaren muka zaga unguwa neman wuri. Filin makaranta an katange shi. Masussuka ta zama gidan haya. Duk inda muka tsaya sai ya auna da ƙafa, ya girgiza kai. Wallahi kunya ta hana ni kallon fuskarsa.

A maƙabarta muka samu wuri, gefen da ba a kai ga haƙawa ba. Mai gadi ya ƙyale mu, amma ya ce a hanzarta, nan ɗin ma ba zai kai damina ba.

Malam ya kafa turakunsa ya fara takawa, yana yi yana tsayawa ya yi tari. A nan ya zauna ya yi saƙar, ya gama cikin azumi. Da muka kawo gawarsa bayan Sallah, layin kaburbura ya riga ya iso inda yake zama.