Kiɗan Gwaggona

Jiya na ji piyano a rediyo, sai na tuna gwaggona. Tana 'yar shekara bakwai ta fara tsara kiɗanta a Sudan, da piyanon gidan da babanta ke aikin kuku, amma ba wanda ya koya mata rubuta shi. Da ta girma, a Jidda shara take yi gidan wani likita mai piyano a falonsa.

Wata rana da hantsi na raka ta aikin. Ta goge piyanon, ta murza yatsunta da sabulu ya cinye, ta kaɗa wani kiɗa mai sanyi har na yi ƙwalla.

Na ce, "Gwaggo, wa zai riƙe wannan kiɗan a ka?"

Ta ce, "Ke mana, 'yata. Yalla, maza saurara da kyau."

Rabinsa kawai na riƙe. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.