Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Shanyewar ɓarin jiki ta kama Inna, mahaifiyata, tana tsakar gida tana feraye doya. Wuƙar ta faɗi, bakinta ya karkace, hannun dama ya zama kamar ba nata ba. Mun yi zaryar asibiti a Lafiya har masu gadi suka daina tambayarmu wurin wa muka zo. Da ta fara takawa da sanda, na ɗauka an gama, har na yi sadakar masa.

Likitan ne ya ɓata min rai ranar sallama. "Hajiya, ku riƙa duba bi-pi nata, wato hawan jini," in ji shi. "Wanda ya yi sitirok, wani lokaci ciwon mantuwa na biyo baya, saboda jini ya taɓa yanke wa ƙwaƙwalwa." Na ce a raina, wannan bawan Allah ko fatan alheri bai iya ba.

Ashe gaskiyarsa. A hankali Inna ta fara zuba gishiri a kunu, ta idar da la'asar ta sake tayarwa. Daga nan Hausar ma ta fara zube mata. Inna Bagwandariya ce, 'yar Adogi, amma tun da ta auri Baba ta shigo gari ta ajiye yarensu, ba ta koya wa kowa a cikinmu ba. Sai ga shi wata safiya ta buɗe baki, Gwandara na fita tiryan-tiryan ba gargada. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ikon Allah! Matar da ba ta tuna ko ta karya, ga ta da harshen da ta rufe tun kafin a haife ni.

Abin da ke cin raina ɗaya ne: ko har yanzu ta san ni? Ƙannena suna gwada ta da sunayensu, wata rana ta kama, wata rana ta ɓata. Ni ba ni da wannan hanyar. Ni ce 'yar fari, kuma saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "waccan". Ko yabona ba ta yi a gaban mutane.

Na shiga kasuwa na samo wata tsohuwa 'yar Adogi mai sayar da garin rogo, na roƙe ta ta zo ta ji min abin da Inna ke faɗi. Suna gaisawa hira ta ɓarke, har da tafawa, ni kuwa ina gefe kamar baƙuwa a gidanmu. Can sai Inna ta nuno ni da haɓa, ta yi magana mai tsawo. Tsohuwar ta rufe baki da gefen zani.

"Baba, me ta ce?" na tambayi tsohuwar. Ta amsa da gurguwar Hausarta.

"Mama naki ya ce ke ne na fari nashi. Ya ce ranar da ya haife ki bai yi barci ba, yana ta kallon ki a ɓoye kar mutane su gani. Ya ce wai in duba ki da kyau, akwai mai kyau irin ki a Lafiya?"

Ciwon ya kwashe mata abubuwa da yawa, ashe har da kunyar ya tafi. Ban gama share hawaye ba Inna ta ɗago, ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunana da ƙarfi. Ga furfura a kaina, ga jikoki, amma na rasa yadda ake amsa wa uwa in ta kira sunan mutum.

"Na'am, Inna," na ce. Ta sake kira, na sake amsawa.