Waƙar Daka Mai Kalma Goma Sha Biyu

Shekarun baya, autanmu ya dawo garinmu Attantané daga Aljeriya bayan shekara uku yana ɗaukar siminti. Mun zaci za mu ga jaka niƙi-niƙi, sai ga shi da 'yar leda da salula. Ya ce duk guminsa yana cikin wayar, wai kirifto ake ce wa kuɗin, don ko an tare ka a hamada babu abin da za a lalubo a aljihu. Da su zai sayi moto, wato babur, ya yi kabu-kabu a Tasawa.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe, ya tsuguna kusa da ni da 'yar takarda.

"Yaya, makullin kuɗina ke nan, kalma goma sha biyu na Ingilishi. In wayar ta ɓace, da su zan buɗe a wata. Ɗakina gara ba ta barin takarda. Ke kuwa ko gulmar bara aka tambaye ki, har tarin da mai maganar ta yi sai kin kawo."

"Zagi ne ko yabo?"

"Ajiya ce. Kada kowa ya ji."

Ni da lakwal, makarantar boko, aji biyu na yi aka fidda ni, kalmomin nan ba kai ba gindi a kunnena. Sai na ɗora su bisa muryar waƙar daka. Kwana biyu suka zauna daram. Ya gwada ni sau uku, ya ce madalla.

Bayan kaka aka yi sunan ɗiyar maƙwabciyata. Mu shida muna dakan fura, lugude ya yi daɗi, waƙoƙi suka ƙare mana. Bakina ya ɗauko waccan. Ba zan ce mantuwa ba ce. Na tuna sarai da abin da ya ce mini, na dai ce a raina, wa zai gane wannan yare cikin matan nan? Kuma gaskiya ina son a ji ni.

"Iye! Yaushe kika je Ingila ba mu sani ba?" in ji maƙwabciyata. "Sake, don Allah!"

Na sake, har da jefa taɓarya sama da tafi. Ƙanwar mijinta da ta zo daga Mayahi ta ɗaga waya tana ɗaukata. Da na gani ma kallabi na gyara. Ta tura guruf ɗin 'yan garinmu, har da waɗanda ke Libiya da Legas.

Kwana huɗu sai ga auta ya shigo ba sallama. Ya miƙo mini waya, ga ni ina ta rangaji.

"Yaya, ke ce wannan?"

"Ai wasa ne, babu wanda zai..."

"An kwashe. Ko dala ba a bari ba."

"To mu tafi wurin masu kamfanin mana! Ko jandarma!"

"Babu kamfani, Yaya. Wanda ya san kalmomin, shi ne mai kuɗin."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya zauna bakin rumbu ya ce laifinsa ne, bai yi mini bayani da kyau ba. Wallahi ya yi. Har yau ba mu san wanda ya ɗauka ba, kuma guruf ɗin duk dangi ne da surukai. Kafin damina ya koma Aljeriya, sai da ya ƙara shekara biyu kana ya sayi moton.

Abin da na gane daga baya, ba sai ka san ma'anar ajiya za ka riƙe ta ba. Ni na raina ta ne don ban gane ta ba, kuma tafin mata biyar ya fi mini daɗi a ranar.

Ni da shi mun daɗe da shiryawa, yana ma kawo mini goro duk Juma'a. Amma waƙar ta kama gari. 'Yan mata sun karkatar da kalmomin, suna daka da ita a kowane biki. Ran nan ya kai ni gidan suna a bayan motonsa, muna tsayawa ƙofar gida aka ɗauko waƙar daga ciki. Bai ko waiwayo ba. Ni ce na taɓa kafaɗarsa na ce mu juya, na yi mantuwa a gida.