Garzali a Kan Dutsen Maharba

Garzali ƙafar yawo gare shi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shi ne mai gadin rukunin gidajenmu a unguwar Madinat Khalifa, nan ƙasar waje, inda nake zaune wurin ɗana Ɗalhatu, injiniya. Shekara shida yana wannan aiki, kujerarsa ta bakin ƙofa har yau sabuwa ce. In ka neme shi yana wurin direbobi shan shayi, ko ya je taya wani ba fulawa ruwa. Ka yi masa faɗa ya ce, "Ai gaskiya ne, ba na nan."

Mutumin Bichi ne, 'ya'yansa huɗu a gida. Ba ya sata, ba ya ƙarya. Zama kawai ya gagare shi.

Kamfanin gadi ya yi masa gargaɗi sau biyu, na uku kuwa tikitin komawa gida ne. Suka nemi Ɗalhatu ya rubuto ra'ayin mazauna ranar Lahadi. Ranar Asabar muka yi ziyarar yini guda zuwa Madina, jirgin safe daga filin jirgin sama na Hamad. Ɗalhatu ya ɗauki Garzali ya riƙe mini kujera da lema, wai ko albarkar wurin za ta zaunar da shi.

Da hantsi muka hau Dutsen Maharba a Uhudu. Ba tsawo gare shi ba, amma gwiwata ta san ta hau. A sama mai jagora ya ba da tarihi: a nan aka tsayar da maharba hamsin ranar yaƙi, aka ce kada su sauka ko me suka gani. Da suka zaci an gama, yawancinsu suka sauka, yaƙi ya juya.

Garzali ya yi kuka har da majina.

"Hajiya, wannan karatun nawa ne. Khalas, shi ke nan, na tuba."

"Allah ya sa," na ce.

Ɗalhatu zai sauka yi wa shahidai addu'a. Ya ce, "Garzali, minti goma. Kada ka motsa daga wurin Hajiya."

"Ranka ya daɗe, ko tsuntsu ne ya zo ɗaukata."

Minti uku ya yi. Ya hango wata hula zanna a ƙasa cikin masu dabino, ya ce bari ya ga ko ɗan gida ne. Ya tafi da lemar. Na zauna rana tana dafa ni, sai da wata Baturkiya ta yi mini inuwa da mayafinta.

Ɗalhatu ya riga shi dawowa. Can sai ga Garzali da ledar dabino, fuska fal fara'a.

"Hajiya, ɗan Bichi ne kuwa. Ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa. Tuban fa?"

Ya dubi lemar a hannunsa, ya dubi dutsen. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya tsaya cik haka ba.

A jirgin dawowa ya duƙo kusa da kujerata, duk da an ce kowa ya zauna.

"Hajiya, ki sa baki wurin injiniya. Ya rubuta gaskiya, ban hana ba. Amma ya roƙar mini su cire ni daga ƙofa su ba ni sintiri. A sa mai iya zama a kujerar, ni a bar ni in zagaya."